Tsibirin Kusa da Tsibirin Nesa

Sao Tome,
14 ga Agusta, 1977.

Zuwa ga Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki? Ƙafar ta rage kumburi? Ki gaishe mini da mahaifinki Bappa, da Inna, da sauran mutanen Sule Tankarkar. Ni lafiyata ƙalau, in ban da takaici.

Na iso, amma kada ki tambaye ni ta yaya. Kin tuna ranar da takarda ta zo ofishinmu na malaman dabbobi a Gumel, cewa ana neman mutum biyu su je aikin wata shida a tsibirai biyu, nan da Tirinidad? Ni ne babba, aka ce in fara zaɓa, abokina Ɗanjuma ya ɗauki saura. Na shiga ofishin hedimasta a Gagarawa, na zari tsinken tsintsiya na auna taswirar da ke bango. Daga Kano zuwa Sao Tome bai kai ɗan yatsana ba. Zuwa Tirinidad kuwa sai da tsinke guda ya ƙare. Na dawo gida ina hura hanci, na nuna miki guntun tsinken, na ce ga inda zan je, don ranar da kika sauka in ji, in taso, in yi wa ɗana huɗuba da bakina kafin suna. Ke kuwa kika ce in fara tambaya wace rana motar can take tashi, tunda garinku ma ga shi kusa da Gumel amma sai ranar kasuwa ake samun mota, alhali ta Kano kullum tana lodi. Na yi miki dariya, na ce jirgin sama ba motar kasuwa ba ce.

To, kwana tara na yi a hanya. Kano zuwa Legas, Legas zuwa Duwala ta Kamaru, Duwala zuwa Libarbil ta Gabon, ko'ina sai an ajiye ni kamar buhun da mai shi ya manta. Na ƙarshen wani ɗan ƙaramin jirgi ne mai kujera goma sha biyu, yana rawar jiki kamar akuyar da ruwa ya doka. Sau ɗaya yake zuwa a mako, ran Laraba, in ya ga dama.

Garin kuwa, Allah Ya kyauta. Ruwa a gabas, ruwa a yamma, sama ma ba ta bushewa. Takalmina na fata ya yi funfuna a kwana uku. Ko'ina tsamin 'ya'yan kokon cakulan ne da ake shanyawa, ya shiga riga ya shiga hanci. Abinci ayaba ce da kifi, safe da rana, ko ƙwayar gero ban gani ba. Abin da ya fi ci mini rai, an ce mini aikin shanu zan yi. Shanun tsibirin gaba ɗaya ba su kai na zango ɗaya a kasuwar Maigatari ba. Sauran duk aladu ne, Sabuwa, suna yawo cikin gari abinsu, ana kawo mini su in duba musu baki. Nakan wanke hannu har fata ta yi fari.

Duk da haka ban karaya ba. An yarda mana da hutun mako biyu duk lokacin da muka so, nawa na ajiye. Da kin sauka a buga mini wayar tangaraho, kwana bakwai ai sun ishi mutum. Shekara takwas muna jiran wannan rana, ba zan bari wani ya riga ni zuwa kunnen yaron nan ba. Sunan yana nan a raina, kuma ba zan faɗa ba, ko ke sai ranar kin ji.

Ki riƙa hutawa, ki bar wa ƙanwarki Lauratu daka.

Ni ne mijinki,
Hussaini.

Libarbil,
11 ga Nuwamba, 1977.

Zuwa ga Sabuwa,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah Ya raya mana, Ya ba ki lafiyar shayarwa. Yaya jikin? Yaya ruwan zafi? Ina gaida Bappa da Inna, ina yi musu barka.

Yau Juma'a, gobe suna, ni kuwa ga ni zaune a kan akwatina a ƙasar Gabon. Wataƙila ma in riga takardar nan isowa, amma in ban rubuta ba zuciyata za ta fashe.

Wayar Bappa ta same ni ran Litinin, ina cikin duba wata ƙatuwar alade mai tari. Da na karanta cewa namiji ne, kuma tun Asabar, sai da na zauna a ƙasa. Na haɗa kaya a ranar. Ran Laraba tun da hantsi ina filin jirgi, na yini ina kallon sama kamar manomin da ke jiran ruwan shuka. Jirgi bai zo ba. Wani ma'aikaci da ke gyangyaɗi a bayan tebur ya ɗaga mini kafaɗa, iyakar bayanin da na samu ke nan. Sai ran Alhamis ya ɓullo, aka cusa mu tare da kwandunan busasshen kifi. Muna sauka nan aka ce jirgin Duwala ya tashi da safe, wani sai Lahadi. Na roƙi wannan, na roƙi wancan, da ɗan Faransancin da na tsinta wurin direbobin Damagaram. Har hawaye na yi a gaban wani yaro ƙarami mai hular aiki, wanda bai ma ɗago kai ba. Tir da wannan tafiya.

Akwai abin da na ɓoye miki don kunya. Tun watan jiya Ɗanjuma ya rubuto mini daga Tirinidad. Ya ce can kusan kullum jirgi na tashi zuwa Landan, daga Landan kuma akwai mai sauka Kano kai tsaye. Kwana biyu ya yi a hanya, Sabuwa, yana zaune ana kawo masa shayi. Ya ce akwai masallatai, akwai shanu, har ya yi ƙiba. Na karanta na yayyage takardar. Ashe tsibirinsa shi ne Kano, nawa shi ne Sule Tankarkar. Ke da ba ki taɓa ganin jirgi a ƙasa ba kin gane haka, ni mai takardar shaida na tsaya awo da tsintsiya.

Da na ga babu hali, jiya na sauke girman kai na buga waya Gumel, na ce a kai wa Bappa: a sa wa yaron Ya'u, sunan marigayi mahaifina. Shi ne abin da nake ta ɓoyewa. In bakina bai isa kunnensa ba, ko sunan ya isa. Ina roƙon Allah wayar ta riski Bappa kafin a raba goro.

Ki yafe mini. Ki shafa mini kan yaron.

Naki,
Hussaini.

Gumel,
17 ga Nuwamba, 1977.

Zuwa ga Sabuwa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta yaron. Na iso Gumel yau da azahar, kwana biyar bayan an watse. Ina rubuto miki ne don abin da ke raina ba zai faɗu a gaban Bappa da Inna ba. Dogo mai jakai zai bi ta wajenku da yamma, shi zan ba.

Ba zan gajiyar da ke da labarin Duwala da Legas ba, inda na ga manya masu manyan riguna suna ture juna a guje don kujera. Na ƙoshi da jirgin sama har ƙarshen rayuwata.

Wanda na fara gani a tasha Ɗanjuma ne, kumatu sun fito. Ashe matarsa Murja ta buga masa waya ranar da aka buga mini. Ya ɗauki hutunsa don ya zo ya taya ni murna, yana zaton zai tarar da ni ina karɓar baƙi. Ya taso Talata daga wancan ƙarshen duniya, Alhamis yana Gumel, Juma'a ya ari keke ya nufo ku. Wayata kuwa sai Asabar ta iso Gumel, ta zauna jiran motar kasuwa, kamar yadda kika sani. Ya faɗa mini yadda Bappa ya yi ta leƙen hanya har aka idar da sallar asuba, liman na jira, babu ni babu saƙona. Ɗanjuma ne ya nemo rago, shi ya riƙe aka yanka, shi ya tsaya a inda ya kamata in tsaya. Sai Bappa ya ce a mai da wa yaron sunan wanda ya zo. Aka yi masa huɗuba da Adamu, sunan Ɗanjuma na yanka.

Yana ba ni labari yana sunkuyar da kai, kamar ya yi mini sata. Ba zan yi miki ƙarya ba, da farko ji na yi kamar in shaƙe shi. Na shiga ɗakinmu na zauna, na buɗe fasfo, sai ga guntun tsinken nan a ciki, wata uku ina yawo da shi. Da na dube shi sai na rasa wanda zan ji wa haushi in ba ni ba. Mahaifina bai samu takwara ba saboda na ƙi jin maganarki, na kuma riƙe suna a ciki don in burge. Wannan zai daɗe yana ci na.

Ɗanjuma ya ce in ina so a sake magana da liman. Na ce a'a. Ki faɗa wa Bappa na karɓa, na gode. Da ma ɗan fari ne, ko ni ko ke babu mai kiran sunansa a baki.

Ga tsinken nan cikin ambulan, ki jefa a wutar ruwan wankanki. Wannan karon na tambaya: motar garinku sai ranar kasuwa. Ba zan jira ta ba. Na ari keken da Ɗanjuma ya hau, gobe da na yi sallar asuba zan kamo hanya. Ki ce wa Lauratu ta fito mini da yaron zaure in gan shi.

Ni ne mijinki mai neman afuwa,
Hussaini.