Ƙorafi Kan Dattijo, Kifin da Hoto Ya Kashe a Tafkin Huadu

Zuwa ga Alhaji Bala Mai Shadda,
Shugaban ƙungiyarmu ta masu fatsa ranar Lahadi,
Guangzhou.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, iyali a Kano suna lafiya, kaya kuma sun fita daga tashar ruwa ba tare da tangarɗa ba. Ni ne Mamuda Wudil, mai saron takalma a Guangyuan, wanda aka dakatar daga ƙungiya na wata uku saboda abin da sanarwarku ta kira "ɗaga murya a bakin ruwa." Na so in faɗi nawa a zaurenmu na waya, sai na tarar an cire ni tun kafin motarmu ta iso unguwarmu ta Sanyuanli. Shi ya sa na rubuta a buɗe, na kuma roƙi mai gidan abincin da muke haɗuwa bayan Juma'a ya manna takardar kusa da wurin wanke hannu, inda dole kowa ya tsaya.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, ka san dokar, tunda kai ka kafa ta: duk kifin da ya haura kilo goma, a ɗauki hotonsa a mayar da shi ruwa. Ka ce manyan kifaye su ne iyaye, idan aka cinye iyaye tafki ya zama kango. Ranar da ka faɗa na ɗaga hannu na goyi baya, har yau kuma ban sauke hannun ba. A bakin kogin Wudil na tashi, na ga yadda giwan ruwa ya yi ƙaranci a idona, har ya zama sai a labarin tsofaffi. Amma ina so a tuna cewa dokar tamu ce. Laoban, wato mai tafkin, bai hana kowa tafiya da babban kifi ba, in dai za a ɗora a sikeli a biya shi. Shi ba ruwansa da iyaye.

Na biyu. Kowa a ƙungiya ya san Dattijo, baƙin kifin nan da ke zaune a lungun da ke ƙarƙashin gorori, wanda ya tsinke igiyar mutane da yawa, ciki har da taka. Lahadin da ta biyo bayan Babbar Sallah, bayan mun yi Azahar a kan kwalaye, na sa dodon koɗi a ƙugiya na jefa wajen. Allah ya sa ya ɗauka. Muka yi ta ja-in-ja da shi har aka fara maganar La'asar. Tafin hannuna ya tsage, takalmina ɗaya ya tafi cikin laka, har yau yana can. Da muka fito da shi, sikelin Laoban ya nuna kilo ashirin da takwas.

A nan ne na matso kusa da kai na roƙi alfarma cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa. Na ce maka Malam Isufu na Maraɗi, wanda muke ɗaki ɗaya da shi shekara da shekaru, kuma yana cikin waɗanda suka fara wannan ƙungiya, an sallamo shi daga asibiti. Likitoci sun ce ƙodarsa ta gaza, gara ya koma gida cikin iyalinsa, jirginsa ranar Talata. Na ce maka ya daina cin komai, amma da safen nan da zan fito ya ce mini yana marmarin farfesun kan babban kifi irin wanda yake sha a Madarumfa yana yaro. Na ce zan biya Laoban daga aljihuna. Ka saurare ni har ƙarshe, ka yi wa Isufu addu'a mai kyau, sannan ka ce doka doka ce, idan aka karya ta saboda mara lafiya, gobe kowa zai zo da mara lafiyarsa.

Ban ji daɗi ba, amma na haƙura. Na ce to, a mayar da shi ruwa.

Na uku. Ba a mayar da shi ba. Wannan shi ne ƙorafina, sauran duk rassa ne.

Kai ka fara ɗaukarsa, a matsayinka na shugaba. Aka ɗauke ka kana tsaye, aka ɗauke ka a durƙushe. Ka duba hoton ka ce rana ta bugi fuskarka, aka juya. Sannan ka aika aka ɗauko maka ɗaya hular daga mota, saboda ta kanka ta jiƙe da gumi. Bayanka ma'ajinmu Alhaji Sabo ya karɓa, kifin ya suɓuce masa ya faɗi a kan siminti, ya ɗauka ya ce a sake. Bayansa sai sauran 'yan'uwa, kowa da wayarsa, har da baƙon nan da ya zo saron labule daga Yamai, wanda ranar ce farkon taɓa sandar fatsa a rayuwarsa. Ya kira matarsa ta bidiyo, layin bai shiga ba, ya sake kira. Duk wannan lokaci Dattijo yana buɗe baki yana rufewa, jini ya fara tsatstsafowa ta kunnensa.

A nan ne na ɗaga murya, ban musa ba. Abin da na ce shi ne: "Alhaji, ko a ba ni shi in kai wa mara lafiya, ko a sa shi ruwa yanzu-yanzu. Wannan da kuke yi ba ci ba ne, ba saki ba ne." Na maimaita da ƙarfi har Sinawan da ke ɗaya ɓangaren tafkin suka juyo. Ka ce mini in kama kaina, muna ƙasar mutane. Sai da kowa ya samu rabonsa sannan kuka kama shi ku huɗu, kuka lilo shi, kuka wurga kamar buhun masara, aka yi kabbara aka tafa. Ni da na kama shi ba ni da hoto ko ɗaya, domin hannuna na jini, wayata kuma tana cikin jaka.

Kafin mu gama tattara kwalaye Dattijo ya taso, cikinsa sama.

Laoban ya shiga kwalekwale ya jawo shi. Na sake zuwa wurinka na ce tunda mai aukuwa ta auku, kuma malamanmu ba su haramta kifin da ya mutu a ruwa ba, a bar ni in saya in kai wa Isufu. Ka ce dokar ba ta bambanta mai rai da matacce ba, kuma motar ta ƙungiya ce, ba za a sa ƙarni a cikinta ba. Na je wurin Laoban in tambayi ko akwai tasi a kusa, ya kaɗa hannu ya ce "meyo," wato babu. Washegari ya turo wa Alhaji Sabo hoton kan Dattijo a cikin faranti, an rufe shi da jan barkono, dangin Laoban sun zagaye tebur. Ya ce yana godiya ga ƙungiya, mu dawo kullum.

Na huɗu. Hotonka da hula ta biyu ya yi kyau ƙwarai, ina taya ka murna. Ya zagaya wayoyi daga nan har Kantin Kwari. Abin da aka rubuta a ƙasansa shi ne "Alhamdulillah, yau mun yi sa'a," wanda a nahawu ba ƙarya ba ne. Sai dai ya isa wayar matata a Wudil kafin in kira ta. Da na ce mata ni na kama, ta ce to, Allah ya ƙara sa'a, da irin muryar da take amsa mini in na ce zan dawo gida kafin azumi.

Na biyar, wanda ya fi mini nauyi. Litinin da safe na je kasuwar unguwa na sayi kifi daga cikin baho, irin wanda ake kiwo da abincin kaji. Na yi farfesu da citta da kanumfari da sauran daddawar da na zo da ita. Isufu ya kurɓi cokali biyu, ya yi godiya, ya ture kwanon. Ya tambaye ni me ya sami hannuna. Na ba shi labari tun daga farko, ban rage komai ba.

Da na gama, ya ce, "Da ka kawo mini shi ma, Mamuda, da ban ci ba. Amma mi kuka yi mishi haka?"

Sai ya tuna mini abin da duk muka sani muka manta. Shekarar bara waccan, wata Lahadi da aka yi ruwa kowa ya fake a rumfar Laoban, Isufu ya dawo jiƙe ya ce ya kama Dattijo. Ya ce ya jawo shi har gaɓa, ya shiga ruwa iya gwiwa, ya zare ƙugiyar, ya riƙe shi a cikin ruwan har ya dawo hayyacinsa ya tafi. Muka tambaye shi ina hoto, ya ce hannu biyu Allah ya ba shi, duka kuma suna kan kifin. Aka yi masa dariya, aka laƙaba masa Sarkin Ruwan Maraɗi, sunan ya bi shi har cikin kasuwa. Ranar ya gaya mana cewa wutsiyar kifin a tsage take ta sama, kamar an yanka da almakashi. Ba wanda ya kula. Yana kwance ya ce in nuna masa hotonka. Ya sa yatsu biyu ya buɗa wajen wutsiyar, ya miƙo mini wayar, ya juya ya fuskanci bango.

Alhaji, ka buɗa hoton da kanka ka duba, can ƙasan hannunka na hagu.

Na raka shi filin jirgi ranar Talata. Makon jiya ƙaninsa ya kira ni ya ce Allah ya yi masa rasuwa a Maraɗi, an kai shi bayan Azahar. Da yake ba na cikin zaure, ban san ko labarin ya iso muku ba.

Saboda haka ga buƙatuna.

A gyara doka. Wanda zai saki kifi ya sake shi a cikin ruwa, hoto ɗaya, na wanda ya kama, sauran jama'a su yi haƙuri su kama nasu. Idan kuma kifi ya ji ciwon da ba zai tashi ba, a bar mai shi ya biya ya tafi da shi, a ci, a raba wa maƙwabta, domin wurga shi ruwa a wannan hali almubazzaranci ne da aka sa wa rigar tausayi.

Dakatarwar da aka yi mini, in an ɗage na gode, in ba a ɗage ba hannuna ma bai gama warkewa ba. Maganar rubutun ƙasan hoto kuma na yafe, ni da matata za mu daidaita.

Wadda ba zan yafe ba ita ce ta ƙarshe. Ina roƙon shugaba, da bakinsa, a gaban 'yan ƙungiya ranar Juma'a mai zuwa, ya faɗa cewa Malam Isufu na Maraɗi ya kama Dattijo ya sake shi da rai, kuma gaskiya ya faɗa. A kira ƙaninsa a yi masa ta'aziyya, a gaya masa haka, domin yana da 'ya'ya maza biyu da ya ba su wannan labari, ya kamata su san ubansu bai ƙara ko gishiri ba.

Allah ya ja zamanin Alhaji, ya ƙara buɗi a kasuwa, ya tsare kaya a teku, ya ba ka ikon yin adalci ga mutane da abin da ke cikin ruwa. Allah ya jiƙan Isufu, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya kyautata namu bayan nasa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mamuda Wudil,
Sanyuanli, Guangzhou.