Hannuwana da Shaiba

Sharafiyya, Jidda
3 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Mariam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen Damagaram.

Yaya, wata biyu ke nan ban haɗa turaren wuta ba. Hannuwana sun kumbura, sun yi ƙuraje masu ruwa, ƙaiƙayi har wuya. Na shafa man zaitun, na sha habbatus sauda, duk a banza. Matan da ke saye a wurina sun fara komawa wani gida.

Jiya maigidana Souleymane ya kai ni asibiti da kayan haɗina. Daktora Mashael ta manna kaɗan daga kowanne a bayana, ta rufe da filasta, ta ce kada ruwa ya taɓa sai bayan kwana biyu. Ki sa ni a addu'a. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Ƙanwarki,
Rakia

12 ga Rajab

Yaya Mariam,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya.

An cire filasta, wuri ɗaya tak ya yi ja: wurin shaiba, busasshen abin nan mai launin toka da nake dakawa don ƙamshi ya kama tufa. Shekara goma sha takwas ina ɗaukar ta ganye. Daktora ta sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ce in leƙa. Subhanallahi, Yaya! Rassa ne a kan rassa, da ƙananan ƙoƙuna, kamar daji guda a kan farcena. Wai halitta biyu ce a jiki ɗaya, ɗaya na ciyarwa, ɗaya na ba da mafaka, kuma tana shekaru a jikin itace kafin ta kai tsawon yatsa. Sinadarin da take kare kanta da shi ne jikina ya gane ya ƙi, kuma ba zai manta ba. Halas, shi ke nan, an raba ni da shaiba.

Na ɗauka zan yi kuka, sai na tsinci kaina ina tasbihi har gida. Ni da nake zuba ta a turmi ina hira!

Hannuwana sun fara saɓa. Ki aiko mini da kajiji ta hannun masu Umra, zan gwada sabon haɗi. Buhun shaibar na bayar, amma na rage tsinke ɗaya a kwalba, na rufe. Ba na taɓawa, kallo kawai nake yi.

Ki gaida Inna, yanzu kina iya gaya mata.

Taki har kullum,
Rakia