Ƙwayoyin da Inna ta sa a cikin kuka

Dengfeng, Guangzhou
21 ga Agusta, 2008

Zuwa ga Yaya Jumai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya nuna mana azumin nan lafiya. Mu nan sai godiya, illa zafin garin nan da ya sa mutum wanka uku a yini.

Yaya, na zaɓi takarda ne don a waya Inna tana gefenki, kuma kin san kunnenta. Ki fara da hamdala kafin ki karanta sauran: ƙanenmu Munkaila yana gida, ga shi can yana cin shinkafa kamar bai yi komai ba. Amma kwana tara ya yi a hannun 'yan sanda, saura ƙiris a mayar da shi gidan yari. Kin san tun faɗan da ya yi da mai takalma a kasuwar Zhanxi, sakin talala aka yi masa. Ni na tsaya masa, duk Litinin yana zuwa caji ofis ya sa hannu, kuma ƙaramin laifi ya isa a mayar da shi ya ƙarasa wata goma sha huɗun da suka rage.

Saboda wasannin Olamfik, 'yan sanda suna bi gida gida suna duba fasfon baƙi. Ranar Talatar makon jiya da hantsi suka zo mana, saƙon da Inna ta ba Alhaji Shitu ya kawo mana daga Kano yana kan tebur, ko gama kwance shi ba mu yi ba. Suka shinshina daddawa, ɗaya ya toshe hanci, har na fara dariya. Da suka zazzage kuka sai ga katin ƙwayoyi shida. Ashe Inna ta ji yana kukan ciwon baya, ta aika kemis aka sayo masa, ta tura a cikin kuka don kada su ɓata. A Kano kowa na saye, a nan kuwa irin wannan sai da takardar likita.

Abin da ya ƙona min rai shi ne abin da yaron nan ya yi. Aka tambaye shi inda ya samu, sai ya ce a titi ya saya. Wai yana tsoron kada sunan Inna da na Alhaji Shitu su shiga takardar hukuma. Ya ɗauki ƙaramar magana ya mai da ta babba, suka tsare shi suna tambayar wa ke sayarwa, shi kuma ba shi da wanda zai nuna. Kullum na je sai a ce min ba labari. Wallahi na tsorata, abinci ma kasa ci na yi.

Rana ta shida ina tattara kukar da aka zubar sai na ga 'yar takarda a gindin ledar, da ajami, rubutun Malam Maidaji maƙwabcin Inna. A ciki Inna ta ce ya sha ɗaya da safe, ɗaya da yamma, bayan ya ci abinci, kuma kada ya ƙara ɗaukar kwali mai nauyi. Na ɗauki Abdul-Fatah, mutumin Ghana da ke yi mana lodin kaya, don shi ke jin Sinanci. Muka kai takardar caji ofis, muka haɗa da hoton ƙashin bayan da likita ya yi wa Munkaila a gidan yari. Jami'in, wani mai furfura, ya sa aka fassara masa sau biyu, sannan ya ce tasa uwar ma haka take. Aka ƙwace maganin, aka rubuta masa gargaɗi, sa hannu ya koma sau biyu a mako. Alhaji Shitu ya riga ya koma Kano, ba wanda ya neme shi.

Na shirya masa faɗa mai yawa, amma da na gan shi ya fito yana tafiya a karkace sai na fasa. Na kai shi asibiti, an ba shi maganin nan ƙasar da takardar likita.

Yanzu ga roƙona. Duk saƙon da zai zo, ki kwance ki duba da hannunki. Yaji da kuka da kilishi muna so, magani ko na mura kada a sa. Inna kuwa kada ta ji wannan labari, don ba za ta yafe wa kanta ba. Na tambayi Munkaila me za a ce mata idan ta so ƙaro wani. Ya ce, "A ce mata maganin ya yi aiki, bayan ya warke." Bai warke ba, Yaya, a zaune yake salla. Amma haka za ki faɗa mata.

Ki gaishe min da Inna, da Kawu, da Saude da Balkissa, da Malam Maidaji, ki yi masa godiya ba tare da kin faɗi dalili ba. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Zayyad