Ka Yi Tarko da Muryata

Yaya,

Wa ya ba ka izinin yin tarko da muryata?

Duk da haka ina gaishe ka. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sanyin wurin aiki ne kawai ya tsattsaga min hannu, ba wani abu ba.

Auta ta faɗa min komai. Akuna ba lafiya, ya ƙi magani, sai ka kunna masa saƙon muryata a waya. Ya sauko yana nemana, ka lulluɓe shi da tawul, ka ɗura masa da sirinji. Sau nawa na ce a ɗiga a kan ayaba, ka gatsi ɗaya gefen yana kallo? Ba a yi wa aku dole, na karanta!

Jiya na kira ta bidiyo na yi masa fito, ya maƙale a ƙuryar keji yana karkarwa. A garin nan ba mai faɗin sunana daidai, Yaya. Wajensa nake ji.

Allah ya ba shi lafiya. Kada ka turo min “yi haƙuri” a ɓoye. Tara gida, a kira ni, ka amsa gaban Inna: in na dawo ya guje ni, kai za ka gyara?

Ƙaninka.