Bencin Abba, Teburin Umma

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ka isa gida lafiya. Ya gajiyar hanya, ya Inna da yara, ya ciwon bayan nan naka? Allah ya ƙara sauƙi.

Kawu, ka yafe min ƙarfin halin rubuto maka. Ni da ko gaishe ka sai na sunkuyar da kai, har ka sa min suna Malama Shiru. Ta waya ba zan iya ba, bakina sarƙewa yake yi, kuma wayar ta Umma ce. Shi ya sa na yagi takarda daga littafin makaranta, zan ba direban da ke bi ta wajenku.

Ofishin Umma ya haɗu. Ka san sharaɗin kamfanin da ya ɗauke ta aikin amsa kiran masu saye: sai tana da ɗaki mai ƙofa, marar hayaniya, kuma ɗakin marigayi Abba ne kaɗai haka a gidan. Bayan tafiyarka sun aiko da kwamfuta, da abin kunne mai makirfo, da na'urar intanet. Mun ajiye batir a ƙarƙashin tebur saboda ɗaukewar wuta, na ɗaure wayoyin da zare don kada su harɗe ƙafa. Kujera mai taya ma ta iso. Da Umma ta zauna sai ta juya da ita sau biyu tana dariya kamar yarinya. Rabon da in ji dariyarta tun Abba na raye.

Teburin kuwa, duk wanda ya gani sai ya yaba. Ba mai cewa shi ne tsohon bencin da Abba yake gyaran rediyo a kai. Ka kankare samansa, ka bi shi da samfefa, duk baƙaƙen ƙunar ƙarfen dalma sun tafi, sai sheƙi. Umma ta sa shi yana kallon taga, don an ce haske ya riƙa faɗa mata a fuska idan an kunna kyamara. Wato ta ba ƙofa baya ke nan.

To, Kawu, Yaya ya dawo daga aikin sa wutar sola da ya tafi. Ba a gaya masa komai ba, Umma ta ce gara ya tarar an gama. Kai ba ka sani ba, tun rasuwar Abba a ɗakin nan yake kwana, a ƙasa, gefen bencin. A kansa Abba ya koya masa aiki tun yana ƙarami, kuma ko ƙura ba ya bari a goge.

Ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa. Ya shiga ya shafa saman teburin a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai neman abin da ya faɗi. Ya tambayi wa ya yi haka. Umma ta fara yi masa bayani, bai bari ta kai ƙarshe ba. Ya ɗauki gwangwanin kusoshin Abba ya maka shi da bango, kusoshi suka watsu har cikin gashina. Ya shure fanka ta kife tana juyi a ƙasa. Sannan ya ɗaga sabuwar kujerar sama da kansa, ya fita da ita tsakar gida ya doka ta da siminti, ya sake dokawa, sai da taya biyu suka fita. Da Umma ta riƙe masa riga, ya fizge da ƙarfin da ya kai ta jikin ƙofa. Kafaɗarta ta yi baƙi, ta ce in aka tambaya in ce bokiti ta ɗauka.

Ban taɓa ganin idonsa haka ba. Wannan fa shi ne Yayan da yake goya ni zuwa makaranta idan an yi ruwa.

Abin da na rubuto nema shi ne: lokacin da bencin ya yi wa bangon tsawo, na ga ka yanke ƙarshensa da zarto ka sa guntun a buhunka. Shi ba ka kankare shi ba. In bai shiga wani aiki ba, don Allah ka aiko da shi. Kuma kada ka gaya wa Umma na faɗa maka.

Ka gaida Inna da kowa.

'Yarka,
Malama Shiru

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya jikin Inna? Direba ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, amma ka tafi aikin rufi a wani wuri. Allah ya dawo da kai lafiya.

Ka yi haƙuri da wannan rubutu mai kama da tafiyar kaza. Da hagu nake yi.

Bayan abin da na ba ka labari, gidan ya yi tsit na ɗan lokaci. Yaya ya koma kwana a falo, ba ya cin abincinmu, ba ya amsa gaisuwa. Maƙwabcinmu mai walda ya gyara ƙafar kujerar, sai dai ta karkace, Umma tana zama kamar mai sauraron gulma ta gefe ɗaya. Ita ce ta faɗi haka da kanta don in yi dariya. Na ce mata a sa wa ƙofar ofishin sakata. Ta ce ba uwar da ke sa wa ɗanta sakata a gidan ubansa.

Ranar gwajinta ta zo. Shugabarta za ta kalle ta ta kyamara tana amsa kira, daga nan a tabbatar mata da aikin ko a sallame ta. Da hantsi ne. Na goge teburin, na kai mata ruwa, na zauna a kan tabarma a lungu inda kyamara ba ta kamawa, ina bitar jarrabawa. Ta sa abin kunne, kunnuwanta duka a rufe.

Ashe Yaya ya tashi neman akwatin kayan aikin Abba, bai same shi ba. Mun mayar da shi saman kabad ɗin Umma don a sami wurin batir, shi kuwa ya ɗauka an sayar. Na ji yana jan kaya a falo yana ƙwala kira. Kafin in miƙe ya banko ƙofa, da guduma a hannunsa.

Umma ba ta ji ba, bayanta ne a ƙofa. Wadda ta gan shi ita ce shugabar. Na ga fuskarta a allon kwamfuta ta canza, tana nuni da yatsa tana buɗe baki, Umma kuma tana ta murmushi tana tsammanin kuskure ta yi a aikin.

Dukan farko a kan na'urar intanet ya sauka, ta tarwatse. Na biyu a kan teburin, kusa da gwiwar hannun Umma, katakon ya yi ƙara kamar an harba bindiga. Ta zabura za ta tashi, karkatacciyar kujerar ta zame da ita. Ya damƙi wayar abin kunnen ya ja, ita kuwa wayar ta zagaye mata wuya. Kawu, na ga Umma a ƙasa tana shure-shure, yatsunta suna neman shiga tsakanin waya da maƙogwaro, shi kuma yana ja yana cewa a fito masa da kayan ubansa. Ina jin bai ma san me yake ja ba. Idonsa yana kan teburin.

Ya ɗaga gudumar zai sauke ta a kan kwamfutar. In ta fashe aikin Umma ya tafi, abin da ya zo min ke nan. Ban san lokacin da na ɗora hannuna a kanta ba.

Ƙarar na fara ji kafin zafin, kamar an taka busasshen kara. Daga nan ban iya numfashi ba. Na tuna mai walda ya shigo da tabaraunsa a goshi, ya rungume Yaya ta baya suka faɗi kan batir, suna birgima cikin fasassun robobi, ya danne masa wuya da gwiwa har gudumar ta faɗi. Bakin Yaya ya fashe, jini ya ɗiga a kan littafina.

An yi min ɗori a asibiti, ƙashi biyu ne suka karye a bayan hannu. Likita ya dubi hannuna, ya dubi jan layin da ke wuyan Umma, ya tambaya. Ta ce ƙofa ce ta datse ni. Ya daɗe yana kallonta.

Shugabar ta kira da yamma. Ta ce ta ga mutum da guduma kafin hoton ya ɗauke, ta shawarci Umma ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Umma ta ce ɗanta ne. Matar ta ce za ta sake mata gwajin sau ɗaya, amma sai ta ga ɗakin da idonta ta tabbatar ba mai iya faɗowa ciki. In ba haka ba za su karɓi kayansu.

Yaya yana shagon mai walda, shi ya riƙe shi a can. Umma ba ta barci, kuma har yanzu ta ƙi zancen sakata. Kawu, ina jin tsoro. Ina son Yayana, amma ko ƙofa iska ta kaɗa sai na zabura. Ka aiko da guntun katakon, ka haɗo da sakata mai ƙarfi. Wataƙila in daga hannunka ta fito ta karɓa.

'Yarka,
Malama Shiru

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna da ƙannena. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Direba ya ce ka so ka biyo shi da sanda don ka hukunta Yaya, Inna ce ta riƙe ka. Ka gode mata a madadina. Kuma kada ka ce laifinka ne. Kai kafinta ne, an ba ka katako mai tabo ka gyara shi.

Dole na gaya wa Umma na rubuta maka. Ta yi faɗa, sannan ta ajiye sakatar a durowa ta ce ba ta so.

Washegari Yaya ya zo ƙofar gida da rana tsaka. Ya yi ta dukan ƙyauren da dutse yana cewa a buɗe masa gidan ubansa, har ƙarfen ya lotsa, maƙwabta suka fito suka ja shi. Ni kuwa ban san na shige ƙarƙashin teburin ba, na ƙanƙame hannuna. A nan Umma ta same ni. Ta durƙusa ta daɗe tana kallona. Da ta tashi, durowa ta nufa. Ita da kanta ta ɗaura sakatar, tana murɗa kusoshi tana hawaye, ta ƙi bari mai walda ya taimaka.

Mun juya teburin yana kallon ƙofa. Hasken taga ya koma bayanta, don haka muka sa fitilar tebur a gabanta. Kamfani ya aiko da wata na'urar intanet. Ramin da guduma ta yi yana nan a saman teburin, kuma ta ce in gaya maka in ka zo kada ka taho da samfefa.

Guntun katakon ni na kai wa Yaya, tare da akwatin kayan aikin Abba. Mai walda ya tsaya kusa da ni. Yaya ya rame, leɓensa a kumbure. Da ya ga baƙaƙen ƙunar sai ya sa yatsa a kan wata doguwa, ya ce wannan shi ya yi ta ranar da ya fara riƙe ƙarfen dalma, Abba ya ja masa kunne sannan ya yi dariya. Daga nan idonsa ya sauka a kan ɗorin hannuna. Ya juya ya buga goshinsa da ƙofar shagon, ya sake bugawa, sai da mai walda ya riƙe shi. Ya tambaye ni ko hannun zai iya rubuta jarrabawa. Na ce ina koyon hagu. Ban ce na yafe ba, Kawu. Na so in faɗa, bakina ya ƙi.

Jiya aka sake gwajin. Shugabar ta sa Umma ta zagaya da kyamara, ta nuna mata sakatar a rufe. Ina ciki a lunguna. Ana tsakiyar kira na biyu sai muka ji taku a tsakar gida, na gane takun. Ya tsaya a bakin ƙofa. Na jira bankowa, na rufe ido.

Sai aka ƙwanƙwasa, a hankali. Tun da aka haife ni ban taɓa jin Yaya ya ƙwanƙwasa ƙofa a gidan nan ba.

Umma ta gama da mai kiran cikin natsuwa, ta kashe makirfo. Ta ɗora hannunta a kan teburin, daidai ramin gudumar. Ta kalli sakatar, ta kalle ni. Ba ta tashi ba.

Ta ce, “Ina aiki. Ka jira.”

Ya jira. Da aka tashi na leƙa ta taga, yana zaune a ƙasa a jikin bango, katakon a kan cinyarsa. An tabbatar wa Umma da aikin. Ta fita ta same shi a tsakar gida, sun daɗe, ban ji me suka ce ba. Ya koma shagon ya kwana, ita ma ba ta ce ya dawo ba. Yau da safe da ta shiga ofis na ji ƙarar sakatar, ba tare da na tuna mata ba.

Kawu, na gano abin da bakina ya kasa, hannuna yana iyawa, ko da na hagu ne. Ba ni da wanda nake gaya wa waɗannan abubuwa. In ba zan dame ka ba, ka ba ni izini in riƙa rubuto maka. In ka yarda, ka gaya wa direba kawai, zan gane.

Ka gaida Inna da yara. Allah ya bar mana kai.

'Yarka,
Malama Shiru