Kada Tsohuwata Ta Gaji Susata

Zuwa ga mai girma shugaban da ke kula da malaman asibitin ƙauyukanmu.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne tsohon nan na Sakajiki da ke aiko maka da kuka tun shekarar da aka yanke mana jiha, ba ka taɓa amsawa ba. Ban san ko bihim ba, mai rubutun bakin tasha ke rubuta mini, na kuma hana shi gyara mini magana.

Na ɗaya. Tari ya kama ni, ga zazzaɓin yamma, ga rama. Duk zuwan da na yi ɗakin shan maganinmu, malamin asibiti sai ya taɓa mini goshi ya ce maleriya ce, ya danna mini allurar kulorakwin. Ni kuwa murna nike, don a wurina wanda bai ji tsinin allura ba bai ga likita ba. Ka san ƙaiƙayinta. Na goga bayana ga bango da iccen ƙofar gida har jakina ya koma jiran layi. Damina nawa ina haka, ina faɗa wa mutane wai ƙarfin magani ne ke fita.

Na biyu. Da na fara tofar da jini aka kai ni babban asibitin Ƙaura. Likita ya miƙo mini ɗan gwangwani wai in yi kaki a ciki. Na yi fushi, na ce raini ne, da gemuna fari. Ashe cikin kakin nan aka ga tarin huka. Na sha ƙwayoyi wata da watanni, ga ni yau ina noman gerona.

Na uku, shi ne zancen. Malamin namu ba mugu ba ne, ko ana ruwa ka buga mishi ƙofa zai fito. Amma da bakinshi ya ce mini tun zamanin muna ƙarƙashin Sakkwato ba a sake kiranshi ƙarin karatu ba. Ranka shi daɗe, fartanya ma kowace damina sai ta koma maƙera. Limaminmu duk azumi sai ya sake bin tafsiri tun daga farko. Yanzu da aka kawo Shari'a kowa na zancen haƙƙi. To haƙƙin wanda aka yi wa maganin ciwon da ba nashi ba, wuyan wa yake?

Abin da ya tayar da ni, tsohuwata, wato matata, wadda ta yi jinyata, ta fara irin tarina. An yi mata kulorakwin. Jiya na iske ta tana goga baya ga iccena. Zan kai ta Ƙaura ko da jakin zan sayar, amma mutanen ƙauyukan Banga da Kurya da ba su taɓa jin zancen gwangwani ba fa?

Roƙona, a riƙa tara malaman nan ana sabunta musu karatu, su san tarin da ake aunawa da zazzaɓin da ba na sauro ba. A ba su gwangwanayen, wanga karo ba zan yi gardama ba.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi tsare ka da susa. Amma ka amsa mini, ko da zagi ne, tun tsohuwar tana da sauran numfashin da za ta ji an karanta.

Wassalam.

Naka, Mamman Ɗan Ango, Sakajiki.