Rumfar Fitilar Kifaye

Maman yara,

Na makara wurin aiki, ban jira dawowarki ba. Na gama haɗa wa akwatin gilashin kifayenmu rumfar katako, har da ƙwan fitila. Sai da ta kama gilashin gam na tuna ban bar ƙofar zuba abinci ba. Ga su can sun sha haske, ciki babu komai, sai hararata suke yi. Ki zura musu abincin da mazurarinki ta ramin waya.

Sannan ki yi haƙuri, katakan daga ƙarƙashin katifarmu na zaro su. Don Allah kar ki zauna a ɓangarenki sai na dawo. Nawa ɓangaren dai lafiya lau yake.

Baban yara